Jita Mai Kogo: Yadda Katakon Araha Ya Yi wa Gibson ES-175 Suna

Duk wanda ya taɓa zama a wurin biki ko taron siyasa ya san abin da ke faruwa idan sanƙira ya matsa da makirufo kusa da lasifika. Wani ƙugi mai tsini ne ke tashi ya soki kunne, jama'a su yamutsa fuska, yaron da ke kula da na'ura ya zabura ya murɗe maɓalli. Mu a wurinmu sakaci ne na ɗan lokaci, a yi tsaki a wuce. Amma wannan ƙugin ya shafe kusan shekara 20 yana hana maƙeran jita barci a Amurka, kuma a wajen gudunsa ne aka samo jitar lantarki irin wadda aka fi gani yau, siririya, dunƙulen katako ba rami ko ɗaya. Kafin a kai ga dunƙulen an yi zamanin wata jita daban: mai kauri, mai tozo gaba da baya, cikinta fayau ba komai sai iska, ga kuma waya an jona mata.

Ita nake so mu warware, kuma zan kama guda ɗaya ta zama ma'auni, wato Gibson ES-175, wadda ta fito a 1949 daga masana'antar kamfanin a garin Kalamazoo na jihar Michigan. Ba ita ce ta fari ba, ba kuma ita ce mafi tsada a cikin 'yan'uwanta ba. Abin da ya ja ni gare ta shi ne, an ce araha ba ta ado, sai ga shi abin da aka yi wa wannan jita don a rage kuɗi shi ya zama adonta.

Me ake nema da kogon tun asali?

Tsirkiya ita kaɗai ba ta da murya. Ɗaure waya tsakanin ƙusa biyu a jikin bangon siminti ka kaɗa ta, da kyar za ka ji wani abu, don ta yi siranta da yawa, ba ta iya tura iska. Masu garaya da goge sun daɗe da sanin maganin wannan. A ɗora tsirkiya a kan jaki, jakin ya zauna a kan fatar da aka rufe bakin ƙwarya da ita. Tsirkiya ta girgiza jaki, jaki ya girgiza fata, fata mai faɗi ta tura iska, iskar cikin ƙwarya ta amsa. Jita ma haka take, illa dai siririn katako ne a madadin fata, akwati a madadin ƙwarya.

A shekarun 1890 wani mutum mai suna Orville Gibson, yana aiki shi kaɗai a wani ɗan shago a Kalamazoo, ya aro dabarar masu ƙera bayolin, wato gogen Turawa. Maimakon ya shimfiɗa fuskar jita a baje, sai ya sami katako mai kauri ya sassaƙe shi har ya yi tozo kamar bayan kunkuru. Wasu 'yan kasuwa suka kafa kamfani da sunansa a 1902. A 1922 wani masanin sauti da ke aiki a kamfanin, Lloyd Loar, ya ƙarasa abin da Orville ya fara: ya tsara jitar L-5, ya kawar da zagayayyen ramin nan na tsakiya, ya tsaga ramuka biyu masu siffar harafin f, ɗaya hagu ɗaya dama. Tsirkiyoyi kuma ba a jikin jaki aka ɗaure su ba, ta kansa suke bi su zarce zuwa wani ƙarfe da aka kafe a gindin jitar. Saboda haka danna fuskar suke yi ƙasa, tozon kuma yana tokarewa. Sautin da ke fita gajere ne, mai kaifi, yana fasa hayaniya.

Kuma hayaniyar ce matsalar. Ƙungiyoyin kiɗan jaz na shekarun 1930 sukan kai mutum 15 ko fiye, yawancinsu masu busa, ga mai ganguna a baya. Mai jita yana can a rakuɓe yana riƙe musu lokaci, sai a gan shi yana ta kai hannu yana kawowa amma ba a jin abin da yake yi. Maƙera suka shiga gasar faɗi. L-5 ta tashi daga inci 16 zuwa 17, Gibson ta fitar da Super 400 mai inci 18 a 1934, abokiyar hamayyarta Epiphone ta mayar da martani da Emperor wadda ta ɗara haka da rabin inci. Daga nan sai gasar ta cije, don hannun ɗan Adam ba zai rungumi abin da ya wuce haka da yawa ba, kuma duk da girman akwatin, mai kakaki ɗaya ya isa ya danne shi.

Zuwan waya

Abin da ya fid da mai jita daga saƙo shi ne maɗaukin sauti, kuma ya kamata a fahimci abu ɗaya game da shi tun yanzu, don a kansa duk sauran bayanin ya rataya: ba makirufo ba ne, ba ya jin sauti. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye dubbai, aka ajiye a ƙarƙashin tsirkiyoyin ƙarfe. Idan tsirkiya ta yi rawa a cikin ƙarfin maganaɗisun, sai wata 'yar wutar lantarki ta taso a cikin naɗin, tana hawa tana sauka daidai da rawar tsirkiyar. Ita ake aikawa ta waya zuwa amfilifaya a ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mayar da ita sauti. Sa tsirkiyar roba a kan wannan jita, komai ƙarfin kaɗawarka lasifika ba za ta ce uffan ba.

George Beauchamp da Adolph Rickenbacker ne suka fara kai irin wannan kasuwa a Los Angeles a 1932, a kan wata ƙaramar jita da ake kwantarwa a cinya, wadda siffarta ta sa aka laƙaba mata kaskon suya. Gibson ta biyo baya a 1936 da ES-150. Haruffan ES na nufin Electric Spanish, wato jitar lantarki da ake rungumewa a ƙirji irin ta Sifaniya, ba ta cinya ba. Lambar 150 kuwa farashi ne: wajen dala 150 da amfilifaya da waya duka. Jita ce mai tozo ta gargajiya, an huda fuskarta an dasa maɗauki.

Wanda ya nuna wa duniya amfaninta wani saurayi ne baƙar fata, Charlie Christian, haifaffen Texas a 1916 wanda ya tashi a birnin Oklahoma. A 1939 ya shiga ƙungiyar Benny Goodman, a lokacin da baƙi da farare su hau dandamali ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a Amurka. Christian bai tsaya riƙe lokaci ba. Ya dinga bin tsirkiya ɗai-ɗai yana jero jimla bayan jimla kamar mai busa, a ji shi tar a saman kowa. Tarin fuka ya kashe shi a watan Maris na 1942 yana da shekara 25, bai cika shekara 3 a idon duniya ba, amma har yau maɗaukin ES-150 da sunansa ake kiransa.

To a nan ne fa aka yi tuntuɓe. Tunda maɗauki rawar tsirkiya yake karantawa, ba sautin akwati ba, kogon ya rasa aikinsa na asali. Da ma a ce zama kawai ya yi ba aiki, da sauƙi. Sai ya zama abokin gaba. Fuskar da aka sassaƙe don ta girgiza ba ta tambayar daga ina girgizar ta zo. Sautin lasifika ya doki fuskar, fuskar ta girgiza jaki, jaki ya girgiza tsirkiya, maɗauki ya ɗauka ya aika wa amfilifaya, lasifika ta sake fitarwa da ƙarfin da ya fi na farko, ya sake dukan fuskar. Kafin ƙiftawar ido jitar ta kama ƙugi ita kaɗai ba wanda ya taɓa ta. Gaba kura baya sayaki: ka rage murya a daina jin ka, ka ƙara ta yi ihu. Abin takaicin ma, jitar da ta fi kyan sassaƙa, wadda gwani ya ɓata kwanaki yana rage kaurin fuskarta, ita ce ke riga kowa fara ihun.

Wasu suka ce a kashe kogon kowa ya huta. Makaɗin jita Les Paul, wajen 1940, ya ɗauki gungumen katako mai inci 4 ta kowane gefe ya dasa masa wuya da maɗauki, ya liƙa masa ɓarin tsohuwar jita hagu da dama don kada mutane su yi masa dariya. Leo Fender a Kalifoniya ya kai dunƙulen katako kasuwa a 1950, ita ce aka sa wa suna Telecaster daga baya. Gibson kuwa, wadda kamfanin Chicago Musical Instrument ya saya a 1944, Ted McCarty kuma ya zo ya kama ragamarta daga 1948, kasuwarta ta 'yan jaz ce, su kuma ba sa son katako marar ciki. Sai ta bi ta tsakiya.

Abin da ke jikin ES-175

Sunan, kamar na yayarta, farashi ne: dala 175. Kuma don a iya sayar da ita a wannan kuɗin, ba a sassaƙa mata komai ba. Falle-fallen katakon meful aka haɗa da gam, jijiyar kowane falle ta gitta ta wanda ke ƙarƙashinsa, kamar dai filawud ɗin kafintoci, sannan aka danne a cikin mazubi da zafi har ya ɗauki tozo. Fuska haka, baya haka, gefe haka. Sassaƙa aikin gwani ne, dannawa aikin inji ne. Gibson ta riga ta fara wannan a kan wasu jitocinta bayan yaƙin duniya na 2, amma a kan ES-175 ne dabarar ta zauna daram.

Ɗauke ta ba waya ka kaɗa, ba za ta burge ka ba. Sautin busasshe ne, ba zurfi, kusa da L-5 sassaƙaƙƙiya sai ka ce kwali ake bugawa. Dalili kuwa, katako mai falle-falle ya fi tauri, ya fi nauyi, gam ɗin da ke tsakani yana shanye girgiza. Amma ka tuna da'irar ƙugin nan. Fuskar da ba ta saurin amsa tsirkiya, ba ta saurin amsa lasifika ma. Mai ES-175 zai iya ƙara murya ya wuce inda mai jitar da ta ninka tasa tsada ya tsaya. Kogon na nan, bai mutu ba, an dai ɗaure masa baki ya rage surutu. Ga kuma ribar ƙafa: filawud ba ya tsagewa da sauyin yanayi kamar katako guda, abin da ya dace da makaɗin da ke kwana a mota daga wannan gari zuwa wancan.

Faɗin akwatin inci 16 da kwata, kaurinsa ya ɗara inci 3, nauyin jitar duka wajen kilo 3. Ta ƙasan wuya an guntule kafaɗar akwatin, yankan ya ƙare da tsini kamar ƙaho. Amfaninsa shi ne, wuyan, wanda aka raba shi mataki-mataki da siraran ƙarafa inda yatsu ke danne tsirkiya, yana haɗuwa da akwati a mataki na 14, to ba don wannan yankan ba da yatsu ba za su kai sauran matakan da ke sama ba, waɗanda suka kai 19 a farkon fitowarta, daga baya aka mayar da su 20. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki inci 24 da uku bisa huɗu, ya gaza na manyan L-5 masu inci 25 da rabi. Bambancin kamar ba komai, amma yana sa tsirkiya ta yi laushi a ƙarƙashin yatsa, matakai su matso kusa da juna, hannu ya iya kama haɗin sautuka masu nisa ba tare da ya yage ba.

Wuyan na icen mahogani ne daga Amurka ta Tsakiya, wanda dangi ɗaya ne da maɗacinmu. A cikinsa an binne sandar ƙarfe mai noti a kai, dabarar da wani ma'aikacin Gibson, Thaddeus McHugh, ya nemi rajistarta a 1921. Tsirkiyoyi 6 masu kauri irin na 'yan jaz suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 50, dare da rana, shekara da shekaru. Sandar ce ke ja ta ɗaya ɓangaren, in wuya ya fara lanƙwasa a ɗaure notin kaɗan ya miƙe. Allon da yatsu ke takawa kuwa, a na farko-farko, na icen rozwud ɗin Barazil ne, an yi masa ado da 'yan farare biyu-biyu a karkace. Wannan icen an sare shi har ya kusa ƙarewa, a 1992 yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa shi a jerin da aka fi tsananta wa, ta yadda yau ƙetare iyakar ƙasa da tsohuwar jita kan buƙaci takarda saboda ɗan allon nan kaɗai. Wanda ya ga yadda aka dinga lodin madobiya daga dazukan Taraba ana kai wa Chaina a shekarun baya, ba sai an yi masa dogon bayani ba, ita ma a 2016 ta shiga jerin yarjejeniyar.

Jakin abin lura ne. Na katako ne, ba gam ba ƙusa, nauyin tsirkiyoyi kaɗai ke riƙe shi. Wanda bai sani ba ya kwance tsirkiyoyi 6 gaba ɗaya zai canza, sai ya ji abu ya faɗi ƙasa. Mayar da shi kuma ba a yi da ka, don in ya goce ko da kaurin tsinken ashana ne, jitar za ta yi daidai a matakan ƙasa ta dinga ƙarya a na sama. Shi ya sa masu ita ke canza tsirkiya ɗaya bayan ɗaya. Haka nan ba ta da ƙofa a baya. Duk wayoyi da maɓallan da ke ciki ta tsagar f ɗin nan ko ramin maɗauki aka zura su, in ɗaya ya lalace ta nan za a zaro shi, a ɗaura masa zare a sake jawo shi mazauninsa. Masu gyara ba sa murna in an kawo musu.

Da maɗauki ɗaya ta fara fita, P-90, wanda Gibson ta ƙirƙiro a 1946: naɗi guda mai faɗi, zagaye wajen 10,000, da sukurori 6, kowace tsirkiya da nata. Sautinsa a buɗe yake, da ɗan kaushi in an matsa masa. A 1953 aka fitar da ES-175D mai maɗauki biyu, ɗaya kusa da wuya ɗaya kusa da jaki, da maɓallai 4 da makunnin zaɓi. Na wuya yana ba da sauti mai kauri don a nan tsirkiya ta fi lilo, na jaki siriri mai cizo.

Sai dai naɗi guda yana da nasa ciwon, daban da ƙugin kogo. Waya mai zagaye dubu goma eriya ce. Duk wata taransifoma ko doguwar fitila da ke kusa, sai ya kwaso gunjinta ya zuba a lasifika, wani "mmmm" da ba ya yankewa. Injiniyan Gibson, Seth Lover, ya magance wannan da dabara mai sauƙin faɗa: naɗi biyu gefe da gefe, wuta na bin ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kan maganaɗisun ma a juye. Gunjin da ya shigo daga waje ya shiga duka biyun, ɗaya ya ce sama ɗaya ya ce ƙasa, su kashe juna. Saƙon tsirkiya kuwa, tunda an juya shi sau biyu, sai ya haɗu ya ƙaru. An nemi rajistar wannan a 1955, ya hau kan ES-175 a 1957, a ƙasansa da 'yar takarda mai rubutun Patent Applied For, ma'ana an nemi rajista ana jira. Rajistar ta fito a 1959 amma aka ci gaba da liƙa takardar har wajen 1962. Injinan naɗin lokacin ba duka ke tsayawa da kansu ba, sai ma'aikaci ya tsayar, shi ya sa da wuya ka sami guda biyu masu zagaye daidai wa daida. Wannan rashin daidaiton, wanda a masana'anta aibi ne, yau shi ake biya da tsada. Har ta kai an yi ta sayen tsofaffin ES-175 na 1957 zuwa 1962 ana ƙwaƙule musu maɗaukai ana dasa wa jitocin Gibson na dunƙule masu suna Les Paul, a bar gangar jikin da na zamani. A ganina wannan ɓarna ce, kamar a yanka raƙumi don a sami akala.

To in maɗauki ba ya jin akwati, me kogon ke ƙarawa?

Wannan gardama ce da ba ta ƙarewa tsakanin makaɗa, kuma akwai masu cewa katako ba ruwansa da sautin jitar lantarki. Ni dai a kan jita mai kogo ba na tare da su, kuma dalilin ba na sihiri ba ne. Gaskiya ne maɗauki tsirkiya kaɗai yake karantawa, amma tsirkiyar a kan me take zaune? A jitar dunƙule, jakin ƙarfe ne kafe a katako mai kauri, ba ya motsi, ƙarfin da ka ba tsirkiya ba shi da wurin zuwa, sai ta daɗe tana rawa. A ES-175 jakin katako ne a kan fuska mai motsi, yana zuƙe ƙarfin tsirkiyar tun daga bugun farko. Saboda haka sauti kan fito da ɗan "tuk" a gaba, ya cika, sannan ya yi saurin sauka ya ba na bayansa wuri. Maɗaukin ma a jikin fuskar yake, yana ɗan rawa tare da ita. Ga mai kiɗan rok da ke son sauti ɗaya ya yi ta kuka, wannan naƙasa ce. Ga ɗan jaz da ke jero sautuka da gudu, ko yake kama 4 a lokaci guda yana so a ji kowanne daban, ita ce biyan bukata. In aka haɗa da tsirkiyoyi masu santsin naɗi, aka zaɓi maɗaukin wuya, aka ɗan rage kaifi, sai a sami wannan muryar mai duhu da taushi da kowa ke ganewa da jin ta.

Herb Ellis, Jim Hall da Joe Pass duk sun yi shekaru da ita. Pat Metheny ya ja tasa har ta galabaita, ya kai ga buroshin goge baki ne ke riƙe masa igiyar ratayawa a gindinta. Ba 'yan jaz kaɗai ba: Steve Howe ya sayi tasa sabuwa a 1964 ya kai ta manyan filayen rok tare da ƙungiyar Yes, ita kuma ES-295, wadda ES-175 ce aka shafe da ruwan zinare a 1952, ita ce a hannun Scotty Moore lokacin da suka fara ɗaukar faifai da Elvis Presley a Memphis a 1954.

Amma murya ta ci gaba da hawa, har filawud ɗin ma ya gaza. Makaɗa suka dinga cusa tsumma da soso a cikin kogo, wasu su liƙe tsagar da salatif. B.B. King ya yi wannan cushen shekara da shekaru, da Gibson ta tashi ƙera masa jita ta kansa a 1980 sai aka yi ta ba tsaga sam. Kamfanin Gretsch, a kan wasu jitocin da ya sa wa sunan makaɗi Chet Atkins, zana tsagar kawai ya yi don ido. Maganin da ya fi karɓuwa ya zo a 1958 da ES-335: akwati siriri, ga tsagar f, amma an ratsa tsakiyarsa da gungumen meful daga wuya har gindi, jaki da maɗaukai duk a kansa suke. Wato dai gungumen Les Paul da aka yi wa dariya ne ya dawo da riga mai kyau. A nan masu saye kan ruɗe, don ES-330 da Epiphone Casino kamanninsu ɗaya da ES-335 amma su cikinsu fayau ne. Haska tocila ta tsagar ka leƙa, in ka ga bango a tsakiya, rabin kogo ce.

Tsohuwar zuma

Dillalai kan ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. ES-175 ta yi wajen shekara 70 ana ƙera ta, daga 1949 har zuwa 2019, kuma a tsawon wannan lokaci suna ɗaya ne, jitar ba ɗaya ba ce. Wajen 1965 an tsuke wuyan, abin da masu manyan yatsu ba su yafe ba. A 1969 kamfanin ya koma hannun waɗanda suka zama kamfanin Norlin, a shekarun 1970 aka mayar da wuyan na meful, jitar ta ƙara nauyi. An rufe masana'antar Kalamazoo a 1984 aka tattara zuwa Nashville, wasu tsofaffin ma'aikata suka ƙi tashi, suka kafa kamfanin Heritage a 1985 a cikin ginin nan dai na titin Parsons. Na shekarun 1950 sun fi sauƙin nauyi, sun fi amsawa, wannan ba a musu. Amma akwai na 1970 da ke da daɗi, akwai na 1955 da ya mutu murus. Shekara ba ta kiɗa.

Gane shekarar ma aiki ne. Lambar da ke kan takardar cikin kogo ba koyaushe ake dogara da ita ba, don a shekarun 1960 Gibson ta maimaita lambobi. Na 1952 zuwa 1961 sun fi sauƙi: akwai hatimin tawada a cikin akwatin da ke farawa da harafi, kuma haruffan da baya-baya suke tafiya, Z ita ce 1952, Y 1953, har zuwa Q a 1961. Masana kan duba bayan maɓallan murya ma, inda aka buga lambar kamfanin da ya yi su da shekara da mako. In maɓalli ya ce 1974 a jitar da aka ce ta 1958 ce, ko dai an yi gyara ko ana yi maka ƙarya.

Tsufa kuma da cututtukansa. Fentin lokacin yakan yi tsaga-tsaga sirara kamar tsohon tangaran, wannan ba aibi ba ne, masu saye ma so suke. Wanda ke da haɗari shi ne farantin roba da ke kare fuska daga farce: irin robar da, in ta fara ruɓewa, tana fitar da iska mai cin ƙarfe, a rufe jita a akwati shekara 5 a buɗe a tarar maɗaukai sun yi kore. Kan jitar, inda ya karkata baya, wuri ne mai rauni, faɗuwa ɗaya ta isa ta karya shi, kuma ko an gyara da kyau farashi ya faɗi. Sannan a ƙarƙashin fuska akwai 'yan sanduna biyu da ke tallafe tozon, in gam ɗinsu ya saki sai fuskar ta fara lotsawa a ƙarƙashin jaki a hankali.

Wanda Allah ya sa irin wannan jita ta faɗo hannunsa a Kano ko Damagaram, babban abokin gabarsa hunturu ne. Ana so a ajiye ta inda damshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, mu kuwa a watan Janairu yakan sauka ƙasa da 20. Filawud ɗin zai jure, amma allon wuya zai tsuke, bakin ƙarafan matakai su fito su dinga yankar hannu, farin layin da ya zagaye gefen akwati ya fara ɓallewa. A bar ta cikin akwatinta a rufe, tare da jiƙaƙƙen soso da aka matse aka sa a cikin gidan sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa katakon, kada kuma a bar ta a but ɗin mota da rana, don zafi na narkar da gam. In kuma da tsohuwar amfilifayarta ta zo, a tuna wutar Amurka 110 zuwa 120 ce, tamu 220 zuwa 240, sai an sa taransifoma mai rage wuta a tsakani. Yawancin na wancan zamani fulogi mai ƙafa biyu gare su, ba wayar ƙasa, tsirkiyoyin jitar kuma a haɗe suke da jikin amfilifayar ta cikin waya. A kai wa mai gyara ya sa mata ƙafa ta uku kafin a kunna.